Labarin Zane da Hanyarsa ta Ba da Labari: Bayani Domin Malaman Hausa

Gabatarwa

Masana sun saba kasa rubutaccen adabin Hausa gida uku, watau zube da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma bisa wannan rabo ne aka tsara manhajar makarantu tun daga firamare har jami'a. Amma akwai wani irin littafi da yara da samari suka daɗe suna karantawa a biranen ƙasar Hausa wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin gidajen nan uku ba. Shi ne littafin da ake ba da labari a cikinsa da zane-zane a jere, kowane zane a cikin ɗan murabba'insa, maganar mutanen labarin kuwa a rubuce kusa da bakunansu. Waɗansu na ce masa katun, waɗansu zanen barkwanci, amma sunayen nan biyu sun fi dacewa da majigin yara da kuma zanen zambo na jarida. A wannan takarda za a kira shi labarin zane.

Dalilin da ya sa ya kamata malaman Hausa su kula da shi a fili yake. Tun daga 2013 zuwa yau matasan Nijeriya sun fitar da littattafan zane masu yawa, waɗansu daga cikinsu kuwa tarihin Hausawa suka ɗauka suka gina labarinsu a kai, amma da Turanci. Idan abin ya ɗore haka, yaron Katsina zai fara sanin Amina ta Zazzau da Bayajidda ta bakin wani harshe, da tufafi da ɗabi'un da mai zane ya ga dama ya ba su. Saboda haka za a bayyana inda wannan fasaha ta fito, da yadda take aiki, da abin da harshen Hausa zai iya yi a cikinta, sa'an nan a auna waɗansu littattafan da suka fito a 'yan shekarun nan.

1. Asalinsa da yadda ya iso

Yawancin masu binciken wannan fanni sun yarda cewa wani malamin makaranta ne a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, mai suna Rodolphe Töpffer, ya fara fitar da labarin zane a siffar da aka san shi, a shekarun 1830. Da farko domin nishaɗin ɗalibansa da abokansa yake yi, daga baya aka buga. Abin ya bunƙasa a jaridun Amurka, har a 1938 aka fito da Superman, wanda ya zama uban duk jarumawan nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. A Masar an kafa mujallar yara ta Sindibad a 1952, da ta Samir a 1956. A Indiya kuwa Anant Pai ya kafa jerin Amar Chitra Katha a 1967, domin ya lura yaran ƙasarsa sun fi sanin tatsuniyoyin Girkawa bisa ga na kakanninsu. Wannan misali na Indiya ya cancanci a riƙe shi, domin damuwarsa ita ce damuwar wannan takarda.

A Nijeriya, abin da ya fara kama zukatan samari sosai shi ne mujallar African Film ta kamfanin Drum, wadda ta riƙa fitowa mako-mako daga 1968 zuwa 1972. Jaruminta Lance Spearman ne, mai farautar miyagu, kuma da hotunan kamara aka jera labarin a maimakon zanen hannu, ko da yake tsarin ɗaya ne. A 1976 Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a Ikko, inda Papa Ajasco ya fito. An soma taron shekara-shekara na masu wannan sana'a a Ikko a 2012, sa'an nan a 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic, wanda ya sa littattafansa a intanet kyauta.

Hausa ma ba a bar ta sarai a baya ba. An buga 'yan littattafan ban dariya na Sauna Jac a Zariya, kuma zanen zambo ya sami gindin zama a jaridun Arewa, inda Mustapha Bulama ya yi suna a Daily Trust. Sai dai dogon labarin zane da Hausa, mai fitowa kashi-kashi, bai kafu ba kamar yadda littattafan soyayya na Kano suka kafu tun daga shekarun 1980.

Abin mamaki ne wannan, in an tuna cewa zuben Hausa na boko da hoto ya tashi. Abubakar Imam ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, yana kuma koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Magana Jari Ce, wanda ya biyo baya, da zane-zane aka buga shi. A zamanin Yaƙi da Jahilci, lokacin da hukumar NORLA ke aiki a Zariya daga 1954 zuwa 1959, an fitar da ƙananan littattafai masu hotuna domin sababbin masu karatu, da jaridun larduna, Himma kuwa ita ce ta lardin Katsina. Amma a duk waɗannan hoto bara ne ga rubutu: in an cire shi labari bai ragu da kome ba. A labarin zane kuwa in an cire hoton, rabin labarin ya tafi. Nan ne bambancin yake.

2. Gida da lungu

Kafin a yi hukunci a kan kowane littafi sai an sami sunayen sassansa. Kowane murabba'i mai ɗauke da zane guda za a kira shi gida, kamar gidan dara. Farin filin da ke tsakanin gida da gida za a kira shi lungu. Da'irar da ke ƙunshe da magana, mai ɗan wutsiya da ke nuna bakin mai yinta, ita ce kumfar magana. Ɗan akwatin da ke saman gida, inda ake rubuta irin su "Bayan kwana uku", shi ne akwatin mai ba da labari.

Babban sirrin wannan fasaha a lungu yake. Scott McCloud, a littafinsa na 1993, ya nuna cewa mai karatu ne ke cika abin da ya faru tsakanin gida biyu da tunaninsa. In an zana mutum ya ɗaga gatari a gida na farko, a na biyu kuma aka zana itace a kwance, ba wanda ya zana saran, amma kowa ya gan shi. Gwanin mai zane shi ne wanda ya san abin da zai nuna da abin da zai bar wa lungu.

Domin abin ya fito sosai, a ɗauki labarin da kowane Bakatsine ya sani, na Korau da Sanau. Ruwaya ta ce Sanau shi ne sarki na ƙarshe daga Durɓawa, Korau kuwa baƙo ne ɗan kokawa daga 'Yandoto. Ya san asirin Sanau ta hannun matarsa, ya kā da shi, ya yanka shi, ya hau sarauta. Takobin da ake kira Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina, da wannan labari ake danganta shi. In za a sa wannan kokawa a shafi ɗaya mai gida shida, ga yadda za ta iya kasancewa. Gida na farko faffaɗa ne, ya ratsa shafin daga gefe zuwa gefe: fili cike da jama'a, makaɗa a gefe, mutum biyu ƙanana a tsakiya. Na biyu fuskar Sanau ce, yana murmushin wanda bai taɓa faɗuwa ba. Na uku hannunsa ne kaɗai, yana laluben ɗamararsa inda layar take, bai same ta ba. Na huɗu fuskar matarsa ce a cikin taro, ta sunkuyar da kai. Na biyar ƙafafu huɗu ne cikin ƙura. Na shida kuwa, a ƙasan shafi, hannun Korau ne a kan ƙotar takobi. Ba a zana yankan ba. Mai karatu zai juya shafi ya tarar da Korau da rawani.

Abubuwa uku ke fitowa daga wannan misali. Na farko, girman gida shi ne tsawon lokaci: faffaɗan gida yana tsayar da ido, ƙananan gidaje a jere suna sa shi gudu. Na biyu, cin amanar matar ba a faɗe shi da kalma ko ɗaya ba. Jera gida na uku da na huɗu ne ya faɗe shi. Na uku, juya shafi makami ne, domin abin da ke bayan takarda a ɓoye yake sai an juya. Wanda ya sa abin mamaki a tsakiyar shafi ya yi hasararsa, gama ido ya riga ya hango shi tun kafin karatu ya kai wurin.

Masanin nahawu zai ga wani abu a nan da ya saba da shi. Mai ba da labari da Hausa yakan shimfiɗa fage da lokaci mai ci: "ana kiɗa, jama'a suna kallo". In ya zo jera aukuwa sai ya koma shuɗaɗɗen lokaci na biyu, yana ɗaura kowace da "sai": "sai ya laluba, sai ya rasa, sai Korau ya ɗauke shi". Faffaɗan gida aikin "ana" da "suna" yake yi, ƙananan gidaje aikin "sai ya" suke yi, lungu kuwa shi ne "sai" ɗin kansa. Ashe ɗalibin da ya iya jin tatsuniya ya riga ya san ƙa'idar shafin zane, saura kawai a nuna masa.

Haka nan fitowa kashi-kashi ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Mujallar da ke fitowa wata-wata dole ta yanke labari a inda mai karatu zai ƙagu ya sayi ta gaba. Dabarar akun nan ce ta Magana Jari Ce, wanda ke riƙe Musa ɗan Sarki da labari bayan labari domin kada ya fita daga fada. Ruwan Bagaja ma a tsare yake kamar don wannan aiki, domin kowace haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana da farkonta da ƙarshenta, tana kuma barin bashin ramuwa da za a biya a gaba.

3. Harshen Hausa a cikin kumfa

Wuri na farko da Hausa ta fi Turanci arziki a wannan fasaha shi ne amsa-kama. A littattafan Amurka kalmomin da ake zanawa da manyan baƙaƙe a jikin hoto kusan duk na ƙara ne, ƙarar duka ko ta bindiga ko ta fashewa. Amsa-kamar Hausa kuwa ta wuce ƙara. Akwai ta ƙara, kamar tim da tsundum. Akwai ta motsi, kamar wuf da zumbur da cak da firgigit. Akwai ta launi, kamar fat da wuluk da wur. Akwai ta yanayi, kamar tinjim da tsamo-tsamo da ragwajab. Har shiru yana da tasa, watau tsit. A wannan Hausa ta yi kama da Japananci, domin masu zanen Japan su ma sukan rubuta kalmar shiru a jikin hoton ɗakin da ba a magana.

Siffar waɗannan kalmomi ta sa sun dace da zane. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama sau da yawa da baƙi take ƙarewa, kuma a magana akan ɗaga murya a kanta fiye da sauran jimla. Watau tun a baki a ware take, kamar yadda mai zane ke ware ta a takarda. A gida na biyar na misalin Korau, kalmar TIM kaɗai a cikin ƙura ta isa. A gidan da zai biyo bayan faɗuwar Sanau, in an zana taron an rubuta tsit da ƙananan baƙaƙe a sama, an gama magana. Mai fassara da ya bar kalmomin ƙarar Turanci a jikin hoto, ya fassara na cikin kumfa kaɗai, ya zubar da mafi kyawun abin da ke hannunsa.

Wuri na biyu shi ne rubutu. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fari" na iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko na ido. "Gashi" na iya zama na kai ko na nama. A zube jimla ce ke warware wannan. A labarin zane hoto ne ke warwarewa nan take, abin da ya sa yake da amfani ga mai koyon karatu. Amma akwai haɗari a gefe guda. Al'adar wannan sana'a ita ce a rubuta maganar kumfa da manyan baƙaƙe, kuma yawancin nau'o'in baƙaƙen kwamfuta da aka ƙera domin ta ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ. In aka yi sakaci sai ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare, ɓata ta koma bata. An sha wahala kafin a daidaita waɗannan baƙaƙe masu lanƙwasa, tun daga aikin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, har zuwa na Yamai na 1980. Bai kamata a yar da su domin ragwancin mai buga littafi ba. Wanda kuma ke son littafinsa ya shiga kasuwar Maraɗi da Damagaram sai ya tuna cewa a Nijar ƴ ake rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Wuri na uku shi ne karin harshe. Labarin zane yana da murya biyu a rarrabe, ta akwatin mai ba da labari da ta kumfa, kuma wannan ya ba da hanyar warware tsohuwar gardamar nan ta daidaitacciyar Hausa da kare-karen harshe. Akwati ya bi daidaitacciyar Hausa. Kumfa kuwa ta bi bakin mai magana. Tsohuwa a Ƙofar Sauri in ta ce "Mi ya hwaru da ɗiyata?" an san ko ita wace ce da inda ta fito, ba sai an yi bayani ba, in aka sa mata "Me ya faru da 'yata?" an mai da ita Bakanuwa. Sharaɗin kawai shi ne mai rubutu ya tsaya a kan abin da ya zaɓa, kada mutum ɗaya ya ce "mashi" a wannan shafi ya ce "masa" a na gaba ba dalili.

Wuri na huɗu shi ne ƙuncin kumfa. Ba ta ɗaukar dogon zance, gaisuwar Hausawa kuwa doguwa ce. In aka rubuta ta duka, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali, shafi ya cika ba a soma labari ba. In aka cire ta ɗungum, mutanen labarin sun zama marasa tarbiyya. Mafita ita ce a raba aikin: kumfa ta ɗauki "Ranka ya daɗe" kaɗai, zane ya ɗauki sauran, watau takalman da aka tuɓe a ƙofar zaure, da durƙuso, da jinjina. Haka ma alkunya: matar da ba ta faɗin sunan mijinta, da uwar da ke kau da kai daga ɗanta na fari, abubuwa ne da zane ke nunawa cikin gida ɗaya, alhali zube sai ya yi sakin layi guda yana bayani.

Akwai kuma batun ajami. Shafin boko daga hagu ake bin gidajensa zuwa dama, na ajami kuwa dole ya bi tsarin mujallun Masar, daga dama zuwa hagu. Ba rubutun kaɗai ke juyawa ba: doki mai sukuwa zuwa gaba sai ya fuskanci hagu, in ba haka ba ido zai ga kamar komowa yake yi.

4. Auna waɗansu littattafan zamani

Littafin da ya fi shahara daga cikin waɗanda suka taɓo tarihin Hausawa shi ne Malika: Warrior Queen, wanda Roye Okupe ya rubuta, Chima Kalu ya zana, kamfanin YouNeek Studios ya fitar da kashinsa na farko a 2017, kamfanin Dark Horse na Amurka kuma ya sake buga shi a 2021. Labarin wata sarauniya ce mayaƙiya a Afirka ta Yamma a ƙarni na 15. Ta gāji sarauta daga mahaifinta, ƙasar ta rabu biyu, ta haɗe ta bayan yaƙin basasa, ta faɗaɗa ta. Sa'an nan maƙiya suka taso mata daga cikin majalisarta, rundunar daular Ming ta ƙasar Sin kuma ta taso daga waje. Sunan ƙasar Azzaz, kuma ba sai an faɗa wa Bahaushe inda aka samo shi ba. Marubucin da kansa bai ɓoye cewa Amina ta Zazzau ce ta ba shi tunanin ba.

Ta fuskar gini, littafin ya yi abin yabo. Haɗa maƙiyin ciki da na waje ya ba shi zare biyu da yake saƙawa, fada da fagen fama, saboda haka in ido ya gaji da takubba sai a koma shawara, in ya gaji da shawara sai a koma takubba. Ya kuma sa mace a kan karaga da kan doki ba tare da neman uzuri ba, abin da ya yi daidai da ruwayar da ta ce Amina ta ci ƙasashe har Nufe da Kwararrafa, ta kuma bar ganuwoyin da ake kira da sunanta.

Amma malami ya san iyakarsa kafin ya miƙa wa ɗalibi. Ƙirƙira ce, ba tarihi ba. Jiragen ruwan daular Ming, ƙarƙashin Zheng He, sun kai gaɓar Afirka ta Gabas, wajen Malindi da Mogadishu, a farkon ƙarni na 15, amma rundunar daular Ming ba ta taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba. Zamanin Amina kansa akwai saɓani a kai: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, a farkon ƙarni na 15, ruwayar Zazzau kuwa ta sa ta a ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Bayan wannan, ƙashin bayan labarin na jarumawan Amurka ne: mutum guda mai baiwa ta musamman, da makami mai sihiri, da duniya ɗaya da ta haɗa shi da jarumawan sauran littattafan kamfanin. Jarumin labarin Hausa sau da yawa ba haka yake ba. Gizo da wayo yake ci, Alhaji Imam da baki da dabara, Korau ma sai da ya bi ta bayan gida kafin ƙarfinsa ya yi amfani. Wanda zai rubuta wa Hausawa labarin zane, in ya ɗauki ƙirar Amurka dungurungum, zai sami jarumi mai rawani wanda ba Bahaushe ba ne a zuci.

Na biyu shi ne Bayajidda: An African Legend na Claude Opara, shi ma da Turanci. Wannan ya fi kusa da gida, domin Daura a Jihar Katsina take, rijiyar Kusugu kuwa tana nan ana ziyartarta. Labarin Bayajidda kamar don zane aka yi shi: tafiya daga Bagadaza zuwa Barno, maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, isowa Daura da dare, rijiyar da ba a ɗiba sai ran Juma'a, da macijin da ake kira Sarki. Wurin da za a gwada kowane mai zanen da ya ɗauki wannan labari biyu ne. Ɗaya shi ne fitowar macijin, wadda ta cancanci a ɓoye ta a bayan shafi. Ɗayan shi ne washegari, sa'ad da masu ƙarya ke da'awar su suka kashe shi, alhali mai karatu ya san kan yana wurin baƙo. Daɗin wannan fage duk a kan sanin da mai karatu ya riga mutanen labarin yake, kuma zane na iya ƙara masa armashi da nuna jakar baƙon a kusurwar gida ana cikin cika baki. Malamin da ya sami littafin zai iya sa ɗalibai su duba waɗannan wurare biyu su yi hukunci da kansu.

5. Abin da ya rage ga malamai

Akwai masu ganin labarin zane abin wasan yara ne mai kashe sha'awar karatu. Amsar wannan ita ce fasahar ta ɗauki manyan al'amura: Maus na Art Spiegelman, a kan kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa a Turai, ya sami lambar Pulitzer a 1992, kuma Aya de Yopougon na Marguerite Abouet, wanda ya fara fitowa a 2005, ya nuna zaman unguwa a Abijan da idon 'yar unguwa. Akwai kuma masu ƙyamar zana mai rai saboda addini. Malaman fiƙihu sun yi magana mai yawa a kan wannan, da sassauci da tsanantawa, kuma ba hurumin wannan takarda ba ne ta yanke. Abin da ba a saɓa a kansa a ƙasar Hausa ba shi ne ba a zana Annabawa da Sahabbai. Tarihin sarakuna da tatsuniyoyi da zaman yau da kullum fili ne mai faɗi.

Ga kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, akwai darussa uku da ba su bukatar kome sai takarda da fensir. Na ɗaya, a ba ɗalibai tatsuniya guda su kasa ta gida goma sha biyu, kowa ya kare dalilin abin da ya nuna da abin da ya bar wa lungu. Wannan darasin tsarin labari ne, ko da zanen bai wuce na 'yan sanduna ba. Na biyu, a ba su shafin Turanci a shafe kalmomin ƙararsa, su sa amsa-kamar Hausa, sa'an nan a tattauna dalilin da ya sa wuf ta dace a nan, zumbur ba ta dace ba. Na uku, a rubuta zance guda sau biyu, da daidaitacciyar Hausa da Katsinanci, a ga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu.

Ga masu bincike kuma akwai aiki na gaggawa, watau tattara abin da aka riga aka buga. Ƙananan littattafai da mujallu ba su jure wa gara da damina, kuma ɗakunan karatu ba su cika ajiye su ba domin ba a ɗauke su a bakin kome ba. Sai an tara su, an jera su bisa shekarunsu, kafin a iya rubuta tarihin wannan fanni da Hausa.

Kammalawa

An nuna cewa labarin zane yana da ƙa'idojinsa, cewa waɗannan ƙa'idoji sun yi kusa da na tatsuniya da na nahawun labari a Hausa, kuma cewa harshen yana da kayan aikin da fasahar ke bukata, musamman amsa-kama da kare-karen harshe. An kuma nuna cewa littattafan da suka ɗauki tarihin Hausawa a 'yan shekarun nan sun yi ƙoƙari, amma da wani harshe da wata ƙira suka yi shi. Ruwan Bagaja ya samu ne domin an yi gasa a 1933, an aika wa malaman makarantu, wani matashin malami a Katsina ya amsa. Gasa irin wannan, ta shafi takwas ko goma sha shida, wadda za ta haɗa ɗalibin sashen Hausa da na sashen zane a kan labari guda, ba ta fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a ba. Labarin Korau da Sanau, da na Wali Ɗan Marina, da na hasumiyar Gobarau, duk suna nan ba a taɓa su ba.